Kulonin ko ɗora sabon Windows: amsa ga mai sabon SSD

Jiya da daddare wani ɗan'uwa ya yi tambaya a zauren nan. Laftof ɗinsa HP ce ta hannu, faifanta HDD ne (tsohon nau'in faifan ajiya mai juyawa) mai 500GB, kayan da ke ciki sun kai 180GB. Ya sayo SSD (sabon nau'in faifai mai sauri) mai 256GB yana son Windows ya koma can. Wani ya ce masa ya yi kulonin, wato ya kwafe tsohon faifan gaba ɗaya zuwa sabon, wani ya ce ya ɗora sabo, shi kuma kansa ya ɗaure.

Malam, kafin ka zaɓa, ka duba abin da ke damun kwamfutar. In nauyi ne kawai, tana daɗewa kafin ta tashi amma in ta tashi komai lafiya, laifin faifan ne. HDD na laftof yakan karanta wajen 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa sama da 500MB. A nan kulonin ya fi. In kuwa tana sanƙarewa, tallace-tallace na faɗo maka ba sallama, ko kana zargin bairos, to ciwon a jikin Windows ɗin yake, kuma kulonin zai kwaso shi ya kai maka sabon faifai.

Kulonin shi ne a kwafe tsohon faifai sukutum: Windows, manhajoji, fayiloli, har hoton da ke kan allonka da kalmar sirrin Wi-Fi. Ka kunna ka tarar da komai inda ka bar shi. Wanda ke da CorelDRAW ko manhajar lissafin shago da wani ya saka masa shekaru uku da suka wuce, ba shi da fayil ɗin sakawa, ba shi da lambar lasisi, wannan hanyar ce rufin asirinsa. Abin da ake buƙata shi ne wayar SATA zuwa USB da manhajar kwafi. In SSD ɗinka na Samsung ne, suna da Data Migration kyauta. Crucial da WD suna ba da Acronis ga masu faifansu. Clonezilla ma kyauta ce, sai dai ba na ba sabon shiga shawararta, domin fuskarta rubutu ne zalla, kuma takan yi gardama in faifan da za a kai kayan bai kai tsohon girma ba. Naka kuwa haka yake, daga 500 zuwa 256. Kayanka 180GB za su shiga, amma da manhajar da ke matse ɓangarorin faifai da kanta.

Ka lura da ƙofar da za ka soka wayar. Mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, za ta gama maka cikin rabin awa ko ɗoriya. In ka soka a USB 2.0, ka shirya zaman kusan awa biyu. Ni na taɓa yin wannan kuskuren da laftof mai mataccen batir, aikin ya haura kashi saba'in aka ɗauke wuta. Tsohon faifan bai yi komai ba tunda karanta shi kawai ake yi, amma sai da na koma farko. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne juya faifan biyu, ka kwafe sabon da babu komai a kan tsohon. Idan manhajar ta nuno sunayensu, ka karanta girman kowanne sau biyu kafin ka danna. Sannan in BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi, a kunne yake, ka kashe shi tukuna, ko aƙalla ka rubuta lambobinsa 48 na ceto a takarda.

Ɗora sabo kuwa sauƙinsa a farko yake, wahalarsa a baya. Ka sami filash mai 8GB, ka saka masa Windows da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft ko Rufus, ka cire tsohon faifai ka saka SSD, ka kunna kana danna F9 don ka zaɓi filash ɗin, tunda HP ce (Dell da Lenovo F12 ne), cikin minti ashirin zuwa talatin ka ga sabon Windows fes. Daga nan aikin zai fara: direbobi (manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki), sabuntawa, Office, burauza, firinta. Sauke Windows kaɗai zai cinye maka data wajen 5GB, ban da abin da zai biyo baya. Ranar da na yi wa ƙanena, sai bayan la'asar muka gano sautin ba ya fita.

Batun lasisi kada ya tsorata ka. In Windows ɗinka na gaske ne, lasisin a ɗaure yake da madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, canza faifai ba ya taɓa shi, da ka hau intanet zai dawo. In na boge aka saka maka a kasuwa, ɗora sabo ne zai tona asirin.

Akwai kuma wuraren da ɗora sabo ya yi wa kulonin fintinkau. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. In kwamfutarka na da TPM 2.0 (na'urar tsaro da Windows 11 ke buƙata) da farosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, gara ka yi aikin sau ɗaya ka ɗora Windows 11, domin shi yana son UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) da GPT (sabon tsarin rarraba faifai), tsofaffin faifai da yawa kuma a tsohon tsarin MBR suke. Haka nan in CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ta nuna maka rawaya ta gargaɗi a kan tsohon faifan, kulonin na iya tsayawa a tsakiya; kwashe fayilolinka da hannu kawai.

Da ni ne kai, tunda nauyi kaɗai ka ambata, kulonin zan yi. Bayan an gama, ka cire tsohon faifan ka bar SSD shi kaɗai ya tayar da kwamfutar, kada ka haɗa su tare a kunnawar farko. Tsohon kuma ka ajiye shi a aljihun tebur sati biyu ba tare da ka yi masa fomatin ba. In komai ya zauna, ka saya masa gida mai USB ya zama ma'ajiyar hotuna.