Land Cruiser 105 da na sayo daga Lome: motar ta yi, amma an ɓoye mini aibinta

Aikina shi ne kafa famfunan hasken rana a rijiyoyin makiyaya, kuma yawancinsa yana arewacin jihar Damagaram ne, wajen Tanut da Belbeji da Tasker. Wanda ya taɓa barin kwalta a Gure ya miƙi hanyar Tasker ya san cewa ba kowace kat-kat ce take zuwa ta dawo da ƙafarta ba. Shi ya sa da na tashi sayen mota ban ce a nemo mini Land Cruiser kawai ba, na ce 105 nake so, mai injin 1HZ, mai giyar hannu. A ido ba ta da bambanci da 100, domin jikinsu ɗaya ne, amma a ƙarƙashi 105 ta gaji ƙafar 80, samfurin da ya gabace su, wato aksil ɗin gaba gungume guda ne, ba mai gaɓoɓi ba. Injin kuwa silinda 6 ne, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, yana shan gazuwal ɗin duro na ƙauye kamar yadda yake shan na gidan mai, kuma duk bakaniken da ke tsakanin Damagaram da Agadas ya san cikinsa.

Matsalar ita ce Toyota ta daina ƙera ta tun 2007, kuma ba motar kasuwar Turai ba ce, saboda haka ba ta cikin tsofaffin motocin da jiragen ruwa ke kwasowa daga Beljiyam. Masu kyau da ke ƙasar nan yawanci na ƙungiyoyin agaji ne, idan kuma aka yi gwanjonsu, kafin labari ya iso mu an riga an raba. A Damagaram masu ita ba sa sayarwa. Na duba Maraɗi, na sa an duba mini Yamai, abin da aka nuna mini duk gajiyayyu ne da suka ci hanyar Bilma har suka ƙoshi. A Kano akwai motoci tsaf-tsaf, amma kusan duk 100 ne masu injin fetur V8, ga kuma wahalar canjin naira da sake biyan duwan. Da a da ne da Kwatano zan nufa, sai dai tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, a kan iyakarmu da Benin, ta rufe, kuma ko da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024 ɓangarenmu bai buɗe ba. Lome kaɗai ta rage.

Wani abokin kasuwanci ne ya haɗa ni da dillalin, ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe zaune a can yana da fili kusa da tashar jiragen ruwa. Zan faɗi gaskiya a kansa, mutum ne mai haƙuri da ladabin magana. Bai taɓa ƙin ɗaukar waya ba, kuma da ya samo motar ya aiko mini bidiyo ta WhatsApp da sassafe, ya ɗora hannunsa a kan injin domin in ga a sanyaye yake, sannan ya tayar da shi bugu ɗaya, babu farin hayaƙi, babu shuɗi. Ya buɗe murfin mai injin yana aiki, ya nuna mini ba ya huci. Ya ce daga Dubai ta zo, ta Larabawa ce. Na nemi hoton farantin da ke cikin ɗakin inji, ya aiko, lambar shasi ta fito sarai, layin da ke ɗauke da sunan samfurin kuwa gefen hoton ya yanke shi daidai bayan 105. Muka yi ciniki, kuɗin ya fi abin da kowa ya san ana sayar da irinta a Yamai, amma na ga lafiyar injin ta cancanci haka. Na aika kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami ta kamfanin aika kuɗi, tun da sefa ɗaya muke kashewa da Togo, na cika sauran ranar da aka fitar da ita daga fili.

Jiran hanya ba laifinsa ba ne, ba zan ɗora masa ba. Kayan da ke fitowa daga Lome sai sun haura Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, kuma ba a tafiya sai cikin ayari da rakiyar sojoji, ayarin kuma ba kullum yake tashi ba. Motar ta yi makonni tana jira, aka gama da duwan a Yamai, direbana ya karɓe ta ya biyo Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi, Tasawa, tafiyar kusan kilomita 900, ya iso da dare. Abin da kawai ya ce mini shi ne: «Maigida, mota lafiya lau, sai dai duk wanda muka haɗu da shi sai ya watsa mini fitila, ban san me na yi musu ba.»

Washegari na ɗauke ta da kaina na nufi Kasuwar Dole. Da na zo kwana na taɓa sandar da ke hagun sitiyari domin in ba da sigina, sai waifa ta tashi tana goge busasshen gilashi, sigina kuwa tana can a hannun dama. Na tsaya na kalli waifar da kyau, na ga tana kwanciya ne ta ɓangaren da bai kamata ba, tana share gaban fasinja fes, tana barin wata kusurwa babba a sama daidai inda idon direba yake. Daga nan ban je kasuwar ba, na wuce Sabon Gari wurin dattijon bakaniken da ke duba mini motoci tun ina tuƙa tsohuwar Hilux. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗaga murfin inji, ya tofa yawu a babban yatsansa ya goge farantin, ya ce in karanta masa. Abin da ke rubuce shi ne HZJ105R. Harafin R yana nufin an ƙera motar da sitiyari a dama, domin ƙasashen da ke tuƙi a hagun titi irin su Ostareliya, da ta Larabawa ce ta asali da L za a gani a wurin. An kawo ta Dubai ne kawai aka juya mata sitiyari, kuma harafin nan shi ne daidai abin da hoton ya yanke.

Dattijon ya shimfiɗa kwali, ya ce in kwanta kusa da shi in gani da idona. A ƙarfen shasi na dama ga ramukan da akwatin sitiyari yake zaune a da, an toshe su da baƙin fenti. A na hagu an huda sababbin ramuka, an liƙa wani faranti da walda, waldar kuma kumbura-kumbura, ba ta ratsa ƙarfen ba. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne sandar da ke ɗaukar motsin sitiyari ta kai wa ƙafa. An yanke ta, an ƙara mata tsawo, an haɗa da walda, an shafe wurin da giris domin kada a lura. Ya kankare giris ɗin da wuƙa, ya haska da tocilan, ya nuna mini wani siririn layi a gefen waldar, ya ce: «Alhaji, wannan tsagewa ce ta fara. A kwalta za ta iya kai ka wata shida, a hanyar Tasker ban ba ta zuwa ɗaya ba, kuma ranar da ta rabu sitiyarin zai riƙa juyawa a hannunka ƙafafun suna tafiya inda suka ga dama.» Fitilun gaba ma na can ne, haskensu yana karkata hagu, wato cikin idon mai tahowa, abin da ya sa ake ta watsa wa direbana fitila ke nan. A ƙarƙashin dashbod wayoyin wuta an ƙara musu tsawo ɗaya bayan ɗaya, an naɗe da salatif. Yaron nan ya yi tafiyar dare daga Yamai a kan wannan sandar, yana da mata da ƴaƴa biyu, kuma ni na aike shi.

Na kira dillalin a nan garejin. Da farko ya ce bai sani ba. Da na tuna masa hoton, sai ya sauya magana, ya ce rabin 105 da ke yawo a Afirka ta Yamma juyayyu ne, kowa ya san haka, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na ce masa ni ban sayi rariya ba, na tambaye shi asalin mota ya ce ta Larabawa ce. Juyayyar mota ba haramun ba ce, akwai masu juyawa da kayan asali na ɓangaren hagu, aikin ya fito kamar daga kamfani, kuma da ya faɗa mini tun farko da wataƙila na saya a kan farashinta na juyayya, na gyara da saurana. Abin da ya yi shi ne ɓoye aibi, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san mai saye yana da zaɓin mayar da haja idan aka ɓoye masa aibinta. Sai dai shi ma ya san ba mai mayar da mota fiye da kilomita 2,000 ta cikin ayarin sojoji bayan ya biya duwan, kuma a kan wannan ya dogara. Sai da abokin da ya haɗa mu ya kai maganar gaban manyan ƴan kasuwarmu na Lome, sannan ya yarda ya mayar da wani abu, wanda ya biya kuɗin kayan gyara amma bai taɓa kuɗin aiki ba, balle bambancin farashi. Da ya aiko kuɗin ya haɗa da saƙon murya mai daɗi, yana cewa: «Alhaji, a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi.»

Gyaran ya ci lokaci. An samo akwatin sitiyari da sandunansa na ɓangaren hagu daga wata 105 da ta yi hatsari, wasu ƙananan kaya kuma daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, aka cire farantin nan aka sa hannayen ƙarfe a cikin shasi yadda kusoshi za su kama da kyau, aka sauya fitilu, aka warware salatif aka sake haɗa wayoyi da dalma. Waifar ce kawai aka bari, domin juya ta yana buƙatar a yanka ƙarfen da ke ƙarƙashin gilashi, dattijon kuma ya ce kada a taɓa.

Bayan haka na shiga daji da ita, kuma a nan ne zuciyata ta fara saukowa. Duk abin da mutumin ya faɗa game da injin gaskiya ne. Ɗauke da faifan hasken rana da famfo da buhunan siminti da duro biyu na ruwa, na kulle ƙafafun gaba da hannu, na rage iskar tayoyi, na sa ƙaramar giya, ta hau tudun yashin da tsohuwar motata take tsayawa a tsakiyarsa sai an tono ta. Allurar zafi ba ta motsa ba ko a watan Afrilu da tsakar rana. Ba ta rage mai tsakanin juye da juye. Tankinta biyu ne, abin da motocin Ostareliya suka saba zuwa da shi, saboda haka ina cika su da gazuwal ɗin SORAZ, matatar man Damagaram, a gari in je in dawo ban nemi na duro ba. A kwalta ba ta da gudu, ƙarfin dokinta bai wuce kusan 130 ba ga mota mai wannan nauyi, idan za ka wuce tirela a hanyar Takeita sai ka yi lissafi tun daga nesa, amma wannan na san shi kafin in saya. Akwai ranar da nake dawowa daga Tanut har na ce a raina wataƙila na tsananta wa mutumin, tun da ya samo mini abin da na kasa samu a ƙasa biyu.

Damina ce ta dawo mini da ɓacin ran. Ruwan Agusta ya same ni tsakanin Mirya da gari, waifa tana share gaban wanda ke zaune kusa da ni, ni kuwa sai na sunkuya ina leƙe ta ƙasan kusurwar da ba ta gogewa, ga amalanke da babura a gefen hanya. Sannan wani ɗan kasuwar Agadas ya ga motar ya yi sha'awarta, ya taya da daraja, da na faɗa masa juyayya ce, domin ba zan yi wa wani abin da aka yi mini ba, nan take ya zabge kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tayinsa. Wannan asarar tana nan tare da motar duk ranar da zan sayar, kuma babu wanda ya biya ni ita. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne, a cikin satin nan dillalin ya aiko mini hotunan wata 105 fara, yana roƙon in nuna wa abokan aikina, kuma a cikin hotuna fiye da goma babu na farantin ko ɗaya.

Abokan aiki biyu sun nemi lambarsa tun da suka ga motar a Tasker. Na ce musu idan sun dage zan bayar, amma kada su aika ko dala sai sun ga farantin gaba ɗayansa da harafin L, da bidiyon waifa tana aiki, da hoton shasi ta ɓangaren dama, kuma su biya wani bakanike na can wanda ba shi dillalin ya kawo ba ya kwanta ƙarƙashinta. Ɗaya ya aika masa waɗannan sharuɗɗa game da farar motar, har yau bai sami amsa ba.