Manhajar YouVersion a hannun Kirista Bahaushe mazaunin Bur Sudan

Na sauke manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion tun ina Khartum, amma ban san darajarta ba sai da yaƙi ya ɓarke a Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023, na baro gida da 'yar jaka guda, Littafin takarda da mahaifina ya ba ni a Wusasa kuma ya rage a kan tebur. An kwashe 'yan Najeriya da yawa zuwa gida a makonnin da suka biyo baya, ni kuwa aikin jinya ya riƙe ni a Bur Sudan (Port Sudan), garin da ke bakin Bahar Maliya, inda wayar da ke aljihuna ta zama ita kaɗai ce hanyar da nake jin Maganar Allah da harshen da aka raine ni da shi.

Ikkilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma ta Amurka ce ta fitar da manhajar a 2008, kuma a 2021 an riga an sauke ta sau miliyan 500. Kyauta ce, babu talla a cikinta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son ya natsu da asuba kafin ya fita aiki. Akwai juyin Hausa fiye da ɗaya, ciki har da Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, wanda Hausarsa mai sauƙi ce. Abin da na fi yaba wa shi ne damar ajiye juyi a cikin waya a karanta ba tare da intanet ba. A watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin Sudan har muka yi kwanaki ba mu ji muryar 'yan gida ba, Zabura ta 91 tana nan a wayata, ina karanta ta a barandar asibiti tsakanin duba wannan majiyyaci da wancan.

Sujada a majami'ar da nake zuwa da Larabci ake yi, fasto kuma yana karantawa daga juyin Van Dyck, wanda aka kammala a Beirut a 1865. Manhajar tana ba mutum damar ɗora aya ɗaya a juyi biyu ya kwatanta, saboda haka ina bin Larabcin da kunne, ina bin Hausar da ido. Nakan tuna cewa sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, bayan shekarun da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka yi suna fama da fassara a ƙasar Zazzau, yau ga shi yana shiga aljihun riga.

Sashen da ya fi taɓa ni shi ne na tsarin karatu tare da abokai, inda mutane ke zaɓar tsari ɗaya, kowa ya ga wanda ya kammala karatun ranar, a kuma rubuta abin da aka fahimta a ƙasa. Mu biyar ne masu jin Hausa muka haɗu a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, cikinmu har da wani dattijo mai gadi a wani ɗakin ajiyar kaya kusa da tashar jiragen ruwa, wanda dukkanmu muke kira Baba. Kwana goma sha biyu gurbinsa babu alama, ga shi kuma Lahadi biyu ban gan shi a sujada ba. A zuciyata na riga na yanke masa hukunci cewa ya yi sanyi, har na faɗa wa wani ɗan'uwa cewa a sa Baba a addu'a, da irin muryar da ke nuna zargi ya fi tausayi yawa. Ban tsaya na tuna ba cewa a Sudan Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, Lahadi ranar aiki ce, kuma mai gadi ba shi ke tsara wa kansa lokaci ba.

Da na je gaishe shi, na tarar da mutum tara a ɗaki biyu, dangin matarsa ne da suka gudo daga Wad Madani bayan garin ya faɗa cikin faɗa a Disambar 2023. Ya sayar da wayarsa ya sayi dawa da gawayi. A kan tabarmarsa akwai wani tsohon Sabon Alkawari da bangonsa ya rabu, an ɗaure shi da zare, an sa tsinken tsintsiya a sura ta 14 ta Romawa, wato ya riga mu da kwana biyu. Na ce, "Baba, ka yafe mini, na yi maka mummunan zato." Ya ce, "Ɗana, zauna ka sha shayi, ba komai." A wannan surar ce Bulus yake tambayar mai bi wane ne shi da zai hukunta bawan wani, alhali tsayuwar bawa ko faɗuwarsa al'amari ne tsakaninsa da maigidansa. Na sha karanta ta, na ma taɓa shafa mata launin rawaya a manhajar, amma a ɗakin nan ne ta shige ni.

Laifin nawa ne, domin manhajar ba ta taɓa cewa alamar kammala karatu ma'aunin bangaskiya ce ba. An yi ta don 'yan'uwa su ƙarfafa juna, ni ne na mai da ita rajistar makaranta. Haka ma lissafin kwanakin da mutum ya jera yana buɗe manhajar: yana taimaka wa mai son ya saba da karatu kullum, kuma ya taimake ni, muddin na bar shi tsakanina da Ubangijina.

Ina ba duk Kirista mai jin Hausa da ke zaune nesa da gida shawarar ya sauke ta, ya ajiye juyin Hausa da na Larabci tun yana da intanet. Mu kuwa mun sake tsarin zumuncinmu. Ranar Juma'a da yamma muna haɗuwa a ƙofar ɗakin Baba, ni ina karantawa daga waya, shi yana bi da yatsa a littafinsa mai zare, yanzu mun shiga Korintiyawa ta fari.