Dutsen laimston na waje ko giranet ɗinmu: wanne zai daɗe a tsakar gida?

Ɗan'uwanmu da ke gini a Kano ya tambaya: an nuna masa dutsen laimston da aka shigo da shi daga Indiya da Masar don shimfiɗa tsakar gida, ya burge shi, amma magininsa na cewa ya sa giranet ko intalok. Wanne ya fi ƙarko?

Malam, in ƙarko kaɗai ake magana, giranet ne a gaba, babu ja. Laimston dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Obajana da Kalambaina da Ashaka a yi siminti da shi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, yana wajen hawa na 3, giranet kuwa tsakanin 6 da 7. Yashin da ke maƙale a ƙasan takalmi ya fi laimston tauri, shi ya sa wurin da ake yawan bi, kamar bakin ƙofa, yake dusashewa a hankali. Giranet bai san wannan ba. Amma kada a ɗauka laimston dutsen banza ne. Dalar Giza a Masar mafi yawanta da shi aka gina ta, ga ta nan tsaye fiye da shekara 4,000.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, "na waje ne" ba shaidar inganci ba ce, domin laimston ba iri ɗaya ba ne. Ƙa'idar Amurka mai suna ASTM C568 ta kasa shi gida uku bisa yadda yake shan ruwa: mai ƙarfin ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, matsakaici kashi 7.5, mai laushin kuma har kashi 12. Giranet mai kyau ba ya kai ko kashi 1. Dutsen Kota na jihar Rajasthan a Indiya yana cikin masu ƙarfin, shi ya sa ake shimfiɗa shi a makarantu da tashoshin jirgin ƙasa a can. Wasu farare da ruwan madara masu araha kuwa, suna zuƙe ruwa kamar soso. A shago duka za su yi maka kyau iri ɗaya.

Ka roƙi mai kayan ya ba ka guntu ka tafi da shi gida. Ɗiga masa ruwa a bayansa, inda ba a shafa masa komai ba. In ɗigon ya zauna na ɗan lokaci, da dama. In ya ɓace nan take ya bar baƙin tabo, to haka zai yi da manja da baƙin man janareta. Sai ka matsa masa lemun tsami a fuskarsa, ka bari minti kaɗan, ka goge. Za ka ga wurin ya yi fari-fari, ya rasa ƙyallinsa, kuma wanki ba ya mayar da shi. Wannan shi ne babban lagonsa, kuma mai ƙarfin ma bai tsira ba: duk abu mai tsami yana cin sa. Ka tuna me ake yi a tsakar gidanmu. Ana zubar da ruwan tsamiya, ana jiƙa zoɓo, ruwan batir na ɗiga, kuma masu aiki kan wanke ragowar siminti da asid bayan an gama shimfiɗa. Wannan wankin na ƙarshe kaɗai ya isa ya lalata laimston na miliyoyi cikin yini guda, don haka ka ja kunnen ma'aikatanka tun kafin a fara.

Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet daga Ingila suke, inda damuwarsu ita ce ruwa ya daskare cikin dutse ya fasa shi. Mu tamu damuwar rana ce da jar ƙasa. Baƙin laimston na Kadapa, daga jihar Andhra Pradesh, yana koɗewa ya koma ruwan toka in rana ta daɗe tana dukansa, sai an riƙa shafa masa man da ke toshe ƙananan ƙofofin jikin dutse lokaci zuwa lokaci. Farin kuma ƙurar hunturu da laka ta damina kan rine shi.

Inda laimston ya yi wa giranet fintinkau shi ne daɗin taku. Mai hasken launi ba ya ɗaukar zafi kamar baƙin giranet, wanda a watan Afrilu yaro ba zai iya taka shi ba takalmi ba. Kuma in ba a goge shi ya yi sheƙi ba, ba shi da santsi sosai. Gogaggen giranet da ruwa a kansa haɗari ne ga tsofaffi masu alwala; in za ka sa shi a fili, nemi wanda aka ƙona fuskarsa ta yi kaushi.

Sai batun kauri, wanda masu sayarwa ba sa son a taɓo. Yawancin na waje milimita 20 zuwa 22 ne, na taku ne kawai. Mota ta hau, zai tsage, musamman in magini ya ɗora shi kan ɗigo-ɗigon kwaɓi ya bar rami a ƙasa. Dole a daɓe ciko sosai, a shimfiɗa kwaɓi cike, a ba shi gangare zuwa magudana. Kuma in ɗaya ya fashe bayan shekaru, samun irin launinsa sai an sha wuya, don kwantenar da ta kawo shi ta daɗe da ƙarewa. Giranet da ake fasawa a ƙasar nan ko intalok, gobe ma ka samu.

Ni dai da gidana ne, daga get zuwa wurin ajiye mota intalok mai milimita 60 ko 80 zan sa, bakin kicin da wurin wanki giranet mai kaushi. Laimston sai ƙarƙashin rumfa da wurin zama, mai hasken launi, wanda ya ci gwajin ɗigon ruwa. In ka saya, ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna, ka ajiye rarar a sito.