Kallon malam buɗe littafi a fadamar Cape May: sharhina

Jama'a duk wanda ke zaune New York ko New Jersey, in kaka ta kama ku daure ku kai yara Cape May Point State Park da ke kudancin New Jersey, wallahi wurin ya biya kuɗin man mota. Shiga kyauta ne, ga hanyar katako an shimfiɗa ta ratsa fadama har da keken jariri zai bi lafiya lau.

Irin da ake kira monarch muka je gani, masu ruwan lemo da baƙin zane, daga Kanada da arewacin Amurka suke tasowa sai dazukan kan duwatsun Michoacan a Meziko, wasu tafiyar ta haura kilomita 4,000, abin da nauyinsa wajen rabin giram ne fa! Da yake Cape May tsinin ƙasa ne sai su taru nan suna shan furen goldenrod kafin su tsallaka ruwan Delaware, da yamma kuwa su yi dafifi a jikin rassa su kwana.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu aikin Monarch Monitoring Project, tun farkon shekarun 1990 suke ƙirga su duk kaka. Wata baiwar Allah ta kamo ɗaya da raga ta haɗe fukafukan tsakanin yatsunta, ta nuna mana baƙin ɗigon da ke fiffiken baya wai namiji ke nan, ta manna masa 'yar mitsitsiyar sitika mai lamba sannan ta ɗora shi a tafin hannun 'yata, ya ɗan tsaya yana buɗewa yana rufewa sai fir ya tashi. Bayaninta ba sauri ba ƙosawa duk da tambayoyin yara. Waɗannan na kaka suna kai wata 8 a raye alhali iyayensu makonni kaɗan suke yi, kuma babu ɗaya cikinsu da ya taɓa zuwa Meziko amma hanya ba ta ɓace musu, ni dai Allahu Akbar kawai nake ta cewa. Ashe ma ganyen da suke ƙwai a kai ɗan uwan tumfafiya ne, har farin ruwan nan yake yi, shi suke ci tun suna tsutsa gubarsa ta zauna a jikinsu, shi ya sa tsuntsaye ke gudunsu.

Matsalar dai sauro, fadama ce, ku shafa magani ku sa dogon hannu. Sannan ba kullum ake dace ba, wasu da muka haɗu da su sun ce zuwansu na farko ƙwaya-ƙwaya suka gani don iskar daga kudu take. Ku duba hasashen yanayi kafin ku kamo hanya, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, ranar da sanyi ya sauko iska na busowa daga arewa maso yamma. Daga Bronx wajen awa 3 ne a mota don haka a yi sammako, a riƙo abinci da dadduma.