Chepstow ko Goodrich: Wane Kango Ya Fi Cancantar Tikitinka a Bakin Kogin Wye?

Wanda ya isa iyakar Ingila da Wales da yini guda kacal a hannunsa, yana kuma son ganin tsohuwar fada mai ganuwa a bakin Kogin Wye, zaɓinsa bai cika wuce Chepstow da Goodrich ba. Dukkansu kangaye ne da rufinsu ya daɗe da zubewa, kuma ba a shigarsu sai da tikiti.

Chepstow tana ɓangaren Wales, a hannun Cadw, hukumar kula da wuraren tarihi ta Wales. William FitzOsbern, wani basaraken Normawa na arewacin Faransa, ne ya aza harsashinta a 1067, shekara guda bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi, aka shimfiɗa ta a kan doguwar gaɓar dutse, ta yadda mai leƙowa ta taga ba ya ganin komai a ƙarƙashinsa sai ruwan kogi mai launin laka. Abin da ya fi tsayar da baƙo shi ne ƙyamarenta na katako masu ɗaurin ƙarfe, waɗanda aka sassaƙa tun wajen 1190. An cire su daga mashiga an adana a ciki, don haka waɗanda za ka tarar a bakin ƙofa kwaikwayo ne. Garin yana da tashar jirgin ƙasa, daga can kuwa da ƙafa ake ƙarasawa, kuma wanda ya tsaya a kan gadar ƙarfe ta 1816 zai ga fadar gaba ɗayanta ba tare da ya biya ko sisi ba.

Goodrich, wadda ƙungiyar adana wuraren tarihi ta English Heritage ke kula da ita kusa da garin Ross-on-Wye a ɓangaren Ingila, ta fi wuyar zuwa ga marar mota, kogin ma daga nesa ake hango shi. Sai dai labarinta yana da armashi: a 1646, lokacin yaƙin basasar Ingila, dakarun Majalisa ƙarƙashin Kanar John Birch sun yi mata ƙawanya, suka ragargaza hasumiyarta ɗaya da wata igwa mai suna Roaring Meg, har magoya bayan sarki suka miƙa wuya. Igwar tana nan a tsakar gidan har yau, gajeruwa mai faɗin baki.

A ganina, marar mota da wanda kogin ne ya kawo shi su nufi Chepstow. Mai son tarihin yaƙi ya zaɓi Goodrich, amma idan yana fama da ciwon gwiwa ya haƙura da hawa tsohuwar hasumiyar tsakiya, domin matakalarta matsattsiya ce, ga duhu.