Amsar Maganar Keken Batir: Daga Winnipeg Zuwa Tudun Wada

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya mai jiki? Allah ya ƙara wa Baffa sauƙi, ya sa kaffara ne.

Na saurari saƙonka a kan keken guragu mai batir ɗin da ka gani a hoton Abban yara, da ka ce in bincika ko za a samo wa Baffa irinsa tunda shi ma ɓarin jikinsa ya shanye, ku haɗa kuɗin a can ni kuma in cika. Gara in faɗa maka tun yanzu: ban ba da wannan shawarar ba. Ba rowa ba ce, ba kuma ƙyashi ba. Hoton da ka gani a watan Yuli aka ɗauke shi. Yanzu muna Janairu, keken na nan jingine a lungun falo da waya a jikinsa, rabonsa da fita tun da ƙanƙara ta zauna.

Da farko ma keken ba namu ba ne. A nan lardin Manitoba na ƙasar Kanada akwai wata ƙungiya, Manitoba Possible, da ke gudanar da shirin ba da aron kekunan guragu ga mazauna lardin. Ba zuwa za ka yi ka nuna wanda ya yi maka ba. Ma'aikaciyar lafiya ce za ta auna faɗin ƙugun mara lafiya da tsawon cinyarsa, ta duba hannun da ke aiki, ta duba ƙofofin gida, sannan ta rubuta irin wanda ya dace. Idan ya lalace su ke gyarawa, ranar da buƙatarsa ta ƙare kuma a mayar musu da abinsu. Sabo a kanti dubban daloli ne. Nauyinsa ya haura kilo 100, ba ya naɗewa, ba ya shiga but ɗin mota, kuma kwana yake yi a caji. Mu wutar nan daga madatsun ruwa take zuwa, sai mutum ya manta ana ɗauke ta. Ka tuna kuma ƙarfin wutar nan volt 120 ne, ta gida 230.

Amma ba wuta ce babbar matsalar ba. Keken nan ba shi kaɗai yake aiki ba, ƙasar da yake takawa ce ke yi masa rabin aikin. Kowace kwanar titi an sassauta bakinta ta gangaro daidai da kwalta, motocin haya na gari suna durƙusawa su miƙo tudu, ƙofofin kantuna na da maɓalli a daidai gwiwar hannun wanda ke zaune. Da zarar ƙanƙara ta rufe wannan ƙasar, shi ke nan, keken ya zama kujera. Sanyi na zuƙe batir, ƙananan tayoyin gaba na nutsewa, idan kuma ya kafe a tsakiyar hanya ni kaɗai ba zan iya ciro shi ba. To idan dusar ƙanƙara mai kauri kamar tafin hannu ta kayar da shi a nan, ina ga lambatun layinmu da yashin bakin masallaci da taɓon damina?

Bari in ba ka labarin yadda fita ɗaya take, don ka ga abin da nake nufi.

Sanyin nan ba hunturu ba ne da ya yi tsanani, wani abu ne daban. A Kaduna da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, mu ce gari ya ɗauka, a hura gawayi. A nan matsakaicin Janairu wajen 16 ne ƙasa da sifili, da dare yakan kai 30 har ya wuce. Idan aka haɗa da iska ya taɓa 40, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti biyar zuwa goma. Ga rana gajeriya: a ƙarshen Disamba sai bayan takwas take fitowa, huɗu da rabi an yi magariba. Duk abin da za a yi a waje tsakanin hantsi da la'asar ne.

Tun da asuba nake jona mota da wuta. Motocin nan duk da wata 'yar waya a hancinsu, ta ɗumama inji ce, idan ba a jona ba mai yakan yi kauri mota ta ƙi tashi. Sai shebur. Motar da ke share titi da dare tana tura ƙanƙarar gefe, ta bar tudu a bakin mashigar gida, kafin safiya ya sandare. Sai na sare shi. Daga nan in watsa yashi a kan gangaren ƙofa, don gishirin da ake watsawa ƙarfinsa na raguwa idan sanyi ya yi nisa sosai.

Shirya Abban yara shi ne mai cin lokaci. Hannun da ya shanye ake fara sa wa riga, shi ne kuma na ƙarshen fitowa. Riga uku, wando biyu, safa mai kauri. Safar hannu mai yatsu ba ta shiga hannun hagun saboda yatsun sun lanƙwashe, sai irin mai kama da jaka. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɓarin nan ba ya jin sanyi yadda ya kamata. Ƙafar za ta iya daskarewa yana zaune yana ba ni labarin siyasa. Don haka muna dawowa nake cire masa takalmi in duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, in ga ko akwai wanda ya yi fari ko ya yi tauri.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan taku ukun da ke tsakanin keke da kujerar mota. Da na hannu mai naɗewa muke fita, wanda na saya gwanjo a Facebook. In danne birki, in ɗaura masa wani faffaɗan ɗamara mai mariƙa a ƙugu, in tokare gwiwarsa ta hagu da tawa, mu ƙirga tare, ya miƙe a kan ƙafar dama ya juya. A wannan juyawar nauyinmu mu biyu a kan ƙafafuna yake, ƙarƙashinsu kuma ƙanƙara ce mai sheƙi da ba a cika gani ba. Yana shan maganin tsinka jini, likita ya gargaɗe ni cewa ko ƙaramar buguwa a kai sai an kai shi asibiti. Ni kuma idan na karye, wa zai ɗaga wa? Shi ya sa nake ɗaura wa takalmina wata roba mai ƙusoshi. Tana riƙe ƙanƙara sosai, amma a kan tayil ɗin kanti ita ce santsin da kanta, sai na tsuguna a bakin ƙofa na cire, in na fito in mayar.

Kantunan kam sai son barka. Akwai katin da ake ratayawa a madubin mota, shi ke ba mu damar tsayawa a wuri mai faɗi dab da ƙofa, wanda ya tsaya babu kati tara ce mai zafi. A ciki akwai ƙananan kekunan batir masu kwando a gaba, kyauta ake hawa. Abban yara na son su ƙwarai. Nan ne kaɗai yake wuce ni, ya ɗauko shayin da yake so da hannunsa, babu mai kallonsa, babu mai cewa "Allah sarki". Wannan abu ne da ban san darajarsa ba sai da na ga fuskarsa. Ka san halinsa, tausayin mutane ya fi ciwon ci masa rai.

Sai dai babu yaron baro, babu mai shagon da zai fito har bakin mota ya ce "Hajiya me za a kawo?" kamar a Kasuwar Gumi, babu ciniki, babu bashi. Farashin da ke jikin kaya ma ba shi za ka biya ba, sai a wurin biya a ɗora harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 7, ban da ainihin kayan abinci. Naman halal ana samu ba wahala, shagunan 'yan Afirka kuma na kawo doya da manja da garin rogo, da tsadarsu. Doya ba ta shiri da sanyi, idan ta daɗe a but cikinta sai ya yi baƙi, don haka a gaban mota take zama kusa da hita, Abban yara na rungume da ita.

Za ka ce me ya sa ba na barinsa a gida. Ina bari, idan iska ta yi yawa. Akwai wani maɓalli da yake ratayawa a wuya, idan ya faɗi ya danna a kira ni ko motar asibiti, duk wata ake biyan kuɗinsa. Amma zuciya ba ta kwanciya, ina layin biya ina duba waya. Barinsa a mota kuwa bai taso ba: a kashe inji sanyi ya shigo, a bar shi a kunne kuma idan ƙanƙara ta toshe salansa hayaƙin na iya komowa ciki ya kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. Ana iya yin odar cefane ta intanet a kawo har ƙofa, da kuɗin kawowa da ɗan ihsanin direba, ina yi a makon da gari ya rufe. To amma mutumin da ya wuni yana kallon bango yana buƙatar fitar fiye da yadda muke buƙatar cefanen. Baffa ko motsi ya yi akwai Inna, akwai matan gida, akwai yara, almajirin gidan ma na jiyo shi. Wannan kada ku raina shi, a nan da kuɗi ake sayen kwatarsa.

Ganin likita da kwanciya asibiti katin lafiya na lardi ya ɗauke, lokacin da abin ya same shi ko sisi ba mu biya na gado ba. Motar asibiti ce ake biya, har dala 250. Maganin da za ka sha a gida kuma kai ke saye har sai ka cika wani adadi da ake yanka maka gwargwadon abin da kake samu a shekara, daga nan gwamnati ta karɓa. Kemis ɗin nan ba ya ba ka ko ƙwaya ɗaya ta hawan jini babu takardar likita, ko da ya san ka shekara goma. Amma yana jera magungunan a kati, na safe daban na dare daban, kowace rana da gidanta, kuma ban taɓa juya kwali ina neman lambar NAFDAC ba. Ganin babban likita kuwa sai haƙuri, ana iya ba ka wata da watanni.

Akwai kuma masu zuwa gida. Manitoba ta fara wannan tsarin tun 1974, ba a biya. Da safe ake turo wanda zai taya ni yi masa wanka, da yawansu 'yan Filifin ne, suna da yawa a garin nan. Ranar farko mace aka turo, Abban yara ya juya fuska bango ya ce a bar wankan. Na roƙa a riƙa turo namiji, ana yi idan akwai. Suna da kirki, amma lokacinsu a aune yake, wani gidan na jira, ranar guguwar ƙanƙara kuma hanya na iya hana kowa zuwa. Ni ma a matsayin mai jinya lardi na mayar min da dala 1,400 a shekara ta hanyar haraji. Ba ta kai kuɗin tayoyin sanyi da man mota ba, amma dai an san ana yi.

Dokar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman a nan ta 2013 ce. Mu ma muna da tamu, Buhari ya sa wa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Kai ke can, ka ƙirga min bankuna da ofisoshin da Baffa zai shiga ba tare da samari huɗu sun ɗaga shi ba.

Don haka kuɗin da kuka tara, ga inda nake ganin zai fi amfani. A sayi keken hannu mai kyau, mai manyan tayoyin baya da wurin ɗora hannu mai cirewa, irin wanda ko ya karye mai walda a Panteka zai ɗinke shi kafin azahar. A kira birkila ya zuba gangare a ƙofar ɗakin Baffa da ta zaure, amma ka tsaya a kansa: duk tsayin inci ɗaya, tsawon gangaren inci 12. Idan dakalin ƙafa ɗaya ne, gangaren ƙafa 12 ke nan. Zai ce ɓarnar siminti ce, kada ka saurare shi, gajeren gangare kifar da mutum yake yi. Kada kuma ya goge saman ya yi sumul. A banɗaki a kafa bututun ƙarfe a bango, a binne shi da siminti ba da ƙusa ba, a sa kujerar roba mai ƙarfi ta wanka. A sayi na'urar awon jini, a riƙa rubuta abin da ta nuna a littafi ana kai wa likita. Ragowar a ajiye na kai shi gashi asibiti, don wannan ba a wasa da shi a watannin farko.

Ka ja wa yara kunne kada wanda ya ƙara ɗaga shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar gocewa take yi. Idan yana kwance a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ɗuwawu da diddige, jan da bai ɓace ba farkon gyambo ne.

Ni daga nan zan aiko da matashin zama na musamman mai hana gyambo da irin ɗamarar da nake amfani da ita, ba su da nauyi, akwai mai tahowa bayan sallah. Ka auna min faɗin ƙugun Baffa yana zaune, da faɗin ƙofar banɗaki daga katako zuwa katako. Idan ba ta kai inci 32 ba sai an fasa. A gaida Inna da kyau, Abban yara na gaida Baffa, ya ce a sa shi a waya ranar Juma'a bayan an sauko.