Tasha, kamfani ko gidan waya: wa zai ba ka shaidar tura kaya tun ranar da ka tura?

Kwastoma ya biya kuɗin atamfa turmi uku, bai taɓa ganin fuskarka ba, hoto kawai ya gani a WhatsApp ko Instagram. Alat na shigowa, kafin la'asar zai fara tambaya: "An tura kuwa?" Idan ka ce masa "eh, an tura" ka yi shiru, ba ka kwantar masa da hankali ba, domin wanda ya cinye masa kuɗi a bara ma haka ya faɗa masa. Gani ya kori ji. Shi ya sa, kafin ka zaɓi hanyar aika kaya, nake ganin tambayar farko ita ce wace irin shaida za a damƙa maka a lokacin da kaya suka bar hannunka. Maganar araha da sauri ta biyo baya.

Shaidar da nake nufi sai ta fito daga hannun wanda ya karɓi kayan, da kwanan wata a jikinta, kuma mai saye ya iya tabbatar da ita ba tare da ya bi ta kanka ba. Hoton ƙunshi a kan kujerar falonka, an naɗe shi da salatif an rubuta suna da maka, yana nuna ka ɗaure kaya ne kawai.

Tasha ce hanyar da yawancinmu muka saba da ita. Ka kai ƙunshi tashar Unguwa Uku ko Naibawa a Kano da sassafe, kafin dare ya sauka a Kaduna ko Abuja, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Wajen sauri tsakanin garuruwan Arewa da wuya a sami wanda ya kama ƙafar direba. Rauninta a wajen shaida yake. Sau da yawa abin da za ka tafi da shi lambar wayar direba ce, wadda ɗan kamasho ya karanto maka yana sauri. Idan wayar ta mutu a hanya, ko direban ya miƙa kayan ga wata mota a tsakiyar tafiya, daga kai har kwastoma babu mai abin riƙewa. Amma ana iya gyara wannan. Kada ka miƙa kaya ga wanda ya tare ka a bakin ƙofa. Shiga wurin 'yan yuniyan inda ake rubuta kaya a littafi, a karɓi kuɗi a ba ka rasit. Ɗauki hoton ƙunshin a gefen motar yadda lambarta za ta fito sarai, sannan ka kira direban kana tsaye gabansa, ka ji wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Tura wa mai saye rasit da hoto da lambar nan take. Ga tsohon kwastoma da kayan da ba su da tsada sosai, wannan ya wadatar. Ga baƙon da ya biya kuɗin leshi mai tsada, ni ba na ba da shawarar tasha, domin idan kaya suka salwanta sai dai a zauna sulhu, kuma a wurin sulhu mai ƙaramar takarda shi ke shan wahala.

Kamfanonin jigila irin su GIG Logistics a nan suka yi fice. Za a auna kayan a kan sikeli, a tambaye ka abin da ke ciki da ƙimarsa, a buga maka takarda mai lambar bibiya, wadda mai saye zai sa a manhaja ko shafin kamfanin ya ga inda kayansa suke. Sun fi tasha tsada, kuma kayan kan ɗan daɗe, tunda sai sun bi ta cibiyar rarrabawa. Akwai abu guda da ke yaudarar sababbin masu sana'a a nan. Idan ka cika oda ta manhaja daga gida don a zo a ɗauka, kana iya samun lamba tun kafin kowa ya taɓa ƙunshin. Lambar nan tana nuna an buɗe wa kayan rajista ne, ba ta nuna an karɓe su ba. Sai an yi sikanin kayan a hannun ma'aikaci, bayanin ya canza zuwa an karɓa, sannan ta zama shaida. Saboda haka idan ka kai da kanka, kada ka bar wurin sai ka duba lambar a wayarka ka ga ta hau. Idan layi ya yi tsawo aka ce ka ajiye za a shigar anjima, yi haƙuri ka jira, ko kuma ka nemi a sa hannu da kwanan wata a kan takardarka. Kuma ka faɗi ƙimar kaya ta gaskiya. Wanda ya rage ta don kuɗin aike ya sauka, da ita za a yi masa lissafi ranar biyan diyya.

Ƙananan kamfanoni masu babura da ke cikin gari kuwa, tambayi ko suna da lasisi. Hukumar gidan waya ta NIPOST ce ke ba kamfanonin aike lasisi a Najeriya.

Gidan waya shi ne wanda aka fi rainawa, alhali a fagen shaida yana da abin da direba ba zai taɓa ba ka ba: rasit mai hatimin kwanan wata, da lamba wadda gidajen waya na duniya suka sani. Sharaɗin shi ne ka aika da rajista ko ta EMS, wato aiken gaggawa na gidan waya, domin wasiƙar da aka manna wa kan sarki kawai ba ta da lambar bibiya. Lambar kayan ƙasashen waje tana bin tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 mai hedikwata a Bern ta ƙasar Switzerland: haruffa biyu, alƙaluma 9, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito. Ta EMS tana farawa da E, ta rajista da R, ƙarshenta NG idan daga Najeriya ne, NE idan daga Nijar. Ƙirga su kafin ka tashi, su zama 13 cif, musamman idan da hannu aka rubuta. Matsalar gidan waya ita ce bayanin kan yi jinkirin bayyana a intanet, don haka hoton rasit mai hatimi shi za ka fara turawa, ka kuma gaya wa mai saye tun farko cewa lambar na iya ɗaukar lokaci kafin ta nuna motsi. Ga hula ko yadi ɗaya da za a kai wa wani a Saudiyya ko Ingila ba cikin gaggawa ba, hanya ce mai kyau.

Kamfanin DHL shi ne na kaya masu daraja da za su ƙetare teku. Lambarsa alƙaluma 10 ce, bayanin karɓa kan fito da wuri, ana kuma nuna kowane zango. Tsadar ce abin dubawa, kuma suna lissafi da girman kwali idan ya fi nauyinsa: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwali babba mai ɗauke da huluna kaɗan zai ci maka riba. Mai sayarwa a kasuwar intanet irin eBay ya ƙara kula, domin can ana duba sikanin karɓa ne a gane ko ka tura cikin kwanakin da ka yi alkawari; buga takardar adireshi kaɗai ba ya shiga lissafi.

Masu humra da kilishi su tambaya tun kafin su karɓi kuɗin kwastoman waje. Turare mai sinadarin da ke kama wuta yana cikin kayan da ake taƙaitawa a jirgin sama, Amurka da Ingila kuma suna da doka mai tsanani kan shigar da nama. Rasit ba zai ceci kayan da kwastan suka riƙe ba.

Kowace hanya ka bi, ka tsara kai kayanka da safe. Wanda ya isa daf da tashi aiki ko yammacin Juma'a, sau da yawa kayansa sai sun kwana, kwanan watan da zai hau kansu kuma na gobe ne ko na Litinin. Takardar da aka buga da injin zafi, irin ta POS, tana kodewa da wuri, don haka ɗauke ta hoto a wurin, ka adana shi tare da sunan mai oda har sai ya ce kaya sun iso lafiya.